Ƙofar da Malam Ya Fasa ta Gabas

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, maigidana kuwa ya riga ni kama hanya. Yau kwana goma sha biyu ke nan ina zaune a kan tabarmar takaba. Ƙafafuna sun gaji da miƙewa, bakina ya gaji da amin, amma kunnena bai gaji ba. Duk abin da masu gaisuwa ke faɗa ina ji, na cikin gida da na zaure.

An zo kam, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. An zo daga Gumel, an zo daga Maigatari, dangina na Ɗanzomo sun zo har da hatsinsu. Wani tsoho ya tako da ƙafa tun daga Gagarawa Tasha don kawai ya gaya mini shagon da Malam, maigidan nawa, ya gina masa tun yana saurayi bai taɓa yoyo ba. Ƙanin mijina ya tsaya a bakin ɗakina yana share ido da hannun riga, ya ce, "Yaya ya tafi da hannunsa, bai bar wa kowa ba." Liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Kuma duk wanda ya buɗe baki, magana ɗaya ce: bai taɓa kuskure a gini ba.

Ran sadakar bakwai malamin ayyuka na En'e, wato hukumar gargajiya, ya zo da kansa daga Gumel. Ya durƙusa daga waje ya ce, "Inna, sai haƙuri. Duk shekarun da muka yi tare, ba a taɓa samun aikinsa da aibu ba."

Na ce, "Malam, mantawa ka yi, ko kara kake yi mini?"

Ya sunkuyar da kai, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Kara ce, Inna."

To wannan karar ce ta hana ni yin shiru. In aka bar maganar haka, nan da 'yan shekaru za a ce an yi wani magini da bai taɓa kuskure ba, irin yabon da ake yi wa kowane mamaci, daga nan sai a manta da shi. Ni kuwa abin da na fi taƙama da shi game da mijina kuskure ne. Ya yi shi, babba, a tsakiyar gari, da simintin hukuma. Shi nake so a sani. Ba na rubutu. Na faɗa an rubuta, na kuma sa an karanta mini don kada a gyara mini baki.

Sunansa ba zan faɗa ba. Shekara arba'in da ɗoriya ban faɗa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yar Ɗanzomo, har na yi furfura.

Ƙasarmu rairayi ce, ba ta son gini. Wanda bai sani ba zai kwaɓa ya ɗora, damina ɗaya ta mayar masa da ita inda ya ɗebo. Malam kuwa sai ya bi kududdufai yana ɗiban ƙasa, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Na sha ce masa, "Ga tuwo na tuƙa, kai kana can kana cin kududdufi." Ya ce, "Tuwonki na san ba zai faɗo wa kowa a ka ba."

Yana da kalma biyu da leburorinsa suka fi tsoro da bulala: "A sake." Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Zai zo ya tsaya, ya karkata kai, ya dafa bangon da aka wuni ana yi, ya ce, "A sake," ya wuce abinsa.

Amma babbar al'adarsa ita ce tambaya. Ko akurkin kaji za ka sa shi, kafin ya zuba tokar shata a ƙasa sai ya ce, "Wa zai kwana a ciki?" In dogo ne, ya ɗaga ƙofa. In mai tari ne, ya buɗe taga sama. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ƙafa ta hana ta tashi, ya juya mata ƙofar ɗaki yadda daga kan gado take hango awakinta, bai karɓi ko goro ba. Madafata kuwa ta shekara bakwai da tsaga. Na ce, "Ni ba a tambayata wa zai kwana a ciki?" Ya ce, "Ke 'yar Ɗanzomo, ai ke kin riga kin shiga."

Shekara shida ke nan da aka aiko kiransa Gumel. Hukuma za ta gina asibitin sha-ka-tafi a garinmu, wannan ɗan garin namu da ke kan hanyar Maigatari. Da ya dawo, tun daga sallamarsa na san da labari. Ya zauna bai ko cire rawani ba, ya kwaikwayi muryar malamin ayyuka:

"Ya ce mini, 'A da takarda ke zuwa daga Kano da zanenta, ku magina ku bi. In abu ya ɓaci ku ce laifin mai zane ne. To wannan karon babu mai zane. Kai za ka tsara, kai za ka gina, kai za ka tsaya masa har damina ɗaya ta wuce a kansa. Duk abin da ya ɓaci a tsakani, naka ne.'"

Na ce, "Ka yarda?"

Ya nuna mini babban yatsansa, baƙi ƙirin da tawada. Ya ce sau uku ya sa aka karanta masa takardar kwangilar kafin ya dangwala, har ya haddace ta kamar karatun allo. Ya kuwa biya mini: ɗaki biyu, ɗaya na duba marasa lafiya, ɗaya na ajiyar magani mai kulle, tagogi masu shigo da haske, daɓen siminti, rufin kwano, ya zama wurin da jama'ar gari za su zo su sha magani.

Kashegari na nemi babban faifaina na rasa. Ashe yana zaure, Malam ya gina asibiti a kansa, ɗan mitsitsi, da laka, har da tagogi, ya fasa gwangwani ya yi masa rufi. Shi ya ɗauka ya kai Gumel a maimakon zane. Ya ce Baturen injiniya ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa ta 'yar ƙofar, ya daɗe yana leƙe, sannan ya miƙe ya ba shi hannu. Faifan nan har yau bai dawo madafata ba.

Kowane magini ya san hadari daga gabas yake tasowa. Saboda haka Malam ya ba gabas baya, bango mai kauri, babu ko huda. Ƙofa ya sa ta yamma, tana kallon dandali, inda hanyar masallaci da ta kasuwa suka haɗu. Ya yi mata baranda. Sannan ya ƙara wani abu da babu shi a takarda, kyautarsa ce: dogon dakali a gindin bango, ya shafe shi da siminti sumul, don mara lafiya ya samu wurin zama kafin a kira shi.

Siminti da kwano a jirgi suka zo Gagarawa Tasha, raƙuma suka ƙaraso da su. Katakon da aka fara kawowa ya ƙwanƙwasa ya ji gara ta riga shi, ya mayar, aka yi ta surutu, bai kula ba. Bangon ɗakin magani sau biyu ana rushewa. Da aka gama, Bature ya zo ya bubbuga bango da sanda, ya sa aka zuba bokitin ruwa a daɓe ya ga inda ya gangara, ya ja ƙofa ya tura, ya sa hannu. Gari ya taru yana kallo. Rannan ko sarauniya ba ta kai ni tafiya ba.

Daga nan Malam ya tsiri zama a dakalin nan kowace safiya. Wai yana duban tsaga ne, tunda damina na wuyansa. Ni dai na san har da jin yabo. Wuri ne mai daɗi: siminti mai sanyi, inuwa tun fitowar rana har azahar. Liman ya fara tsayawa su gaisa, sai ya zauna. Ƙanin dagaci ya zo. Tsohon dillalin shanu ya zo da goronsa. Kafin wata ya cika, dakalin marasa lafiya ya zama majalisar dattawa, kuma daidai lokacin da malamin asibiti yake buɗe ƙofa.

Ana cikin haka 'yata da ke aure a Maigatari ta haihu, na tafi na kula da wankanta. Ɗana na fari yana Sule Tankarkar da leburori suna wani aiki. Gida ya rage Malam, da matar ɗan nawa, da 'yarsu ta fari, 'yar shekara biyu, wadda ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Malam amaryata yake ce wa yarinyar, ita kuma ta ja masa gemu.

Na yi sati biyu na dawo da hantsi. Na tarar da surukata tana daka, ta yi mini sannu ba ta ɗago ba. Gidan ya yi tsit. Na ce, "Ina 'yar nan?" Ta nuna ɗaki da haɓa. Na shiga na samu yarinya kwance ta juya wa haske baya. Na juyo ta. Idanun nan sun kumbura sun liƙe da kwantsa, ko ɗaya ba ya buɗuwa.

Na fito da ita a hannu, na ce, "Tun yaushe?"

"Kwana shida, Inna."

"Kwana shida! Asibitin a Makka yake? Ba ga shi nan bayan masallaci ba, surukinki ya gina da hannunsa?"

Ta ajiye taɓarya. Da ƙyar na ji muryarta. "Na je, Inna."

"Kin je?"

"Sau uku. Har gindin tsamiya nake kaiwa."

"Sai me?"

"Baba yana zaune."

Wallahi sai a nan na gane. Ni da na yi shekara tara ban bari uban mijina ya ga ina cin abinci ba. Ni da har yau ban kira sunan ɗana na fari ba, ko yana jariri in ya yi kuka a gaban mutane sai in kau da kai. Tsufa ya sa na manta. Yarinyar nan, don ta kai ƙofar can, sai ta ratsa dandali, ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, surukinta a tsakiyarsu, ga 'yar fari a bayanta, kowa ya ga ta damu da ita. Da ta yi haka gara ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta kuma iya aika wa kowa, don aiken ma faɗa ne. Sai ta koma ɗaki tana ɗiga mata nono, tana sa mata kwalli, tana kuka inda ba mai gani.

Na goya yarinya na fita. Da na iso dakali, duk suka ɗauka, "A'a, sannu da dawowa! Yaya mai jego?" Na ce, "Ku janye ƙafafunku." Malam ya miƙe yana cewa, "Amaryata ce? Me ya same ta?" Ban ko dube shi ba.

Malamin asibiti mutum ne mai haƙuri. Ya wanke idanun da ruwan ɗumi a hankali, yarinya tana tsala ihu, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya sa magani. Ya ce, "Na dama zai warke in Allah ya so. Na hagu an makara, Inna. Ko ya warke zai bar tabo. A riƙa kawo ta kullum da safe, kada a tsallake." Na juya zan fita, sai ya ce, "Inna, in tambaye ki mana. Matan garin nan ba sa ciwo ne? Tun da na buɗe, in ba tsofaffi irinki ba, ban ga ƙeyar mace ba."

Na bari sai da Malam ya dawo daga azahar, na ajiye masa abinci, ya sa hannu. Sannan na zauna na gaya masa duka, har gindin tsamiya.

Da farko ya tashi kare kansa. Ya ce, "Ginin nan ba shi da aibu. Bature ya duba, ya sa hannu."

Na ce, "Baturen yana da suruki a garin nan?"

Can ya ce, "To sai mu tashi daga dakalin, shi ke nan."

"Ka tashi, ƙanin dagaci ya gyara zama. Liman za ka kora? Kuma ko ba kowa a kai, ƙofar dandali take kallo. Duk wadda ta shiga, kafin ta fito gari ya gama lissafin cikin wata nawa ne."

Ya cire hannu daga akushi, ya wanke, ya zauna yana kallon yatsan da ya dangwala. Ya ce, "Ban tambaya ba."

"Me?"

"Wa zai shiga. Na tambayi Bature, na tambayi malamin asibiti, har hadari na tambaya. Ku ban tambaye ku ba." Ya ɗago. "'Yar Ɗanzomo, je ki tambayo mini su."

Kwana uku ina yawo. Da safe in kai jikata magani, daga nan in bi gida-gida. Da farko dariya suke yi, wai tun yaushe magini ke neman shawarar mata. Wata tsohuwa ta ce a gaya masa ya sa madubi. Amma da suka ga da gaske nake, sai baki ya buɗe. Wata ta ce a yi wurin da za a sauke goyo ba a tsaye ba. Wata ta ce a ajiye randa. Wata ta ce katanga ta fi mai jaki tsawo. Na ce, "Mai raƙumi fa?" Ta ce, "Mai raƙumi baƙo ne, Inna, bai san matar wa ce ba." Sai wata amarya, daga bayan zana, ko fuskarta ban gani ba, ta ce, "A sa ƙofar a hanyar rijiya. In na fito da tulu, wa ya san inda za ni?"

Na kawo masa duka. Ya yi ta gyaɗa kai har na zo kan ta ƙarshe. Rijiyarmu a gabas take.

Ya ce, "Gabas?" kamar na ba shi maɗaci. Ya tashi ya zagaya tsakar gida sau biyu. Sannan ya ce, "Ina sauran lakar nan?" Ya koma kan faifaina.

Rigimar da ta biyo baya da ɗansa ce. Ɗan nawa ya dawo daga Sule Tankarkar da albishir, wai za a ba da ginin makaranta a can, kuma sunan Malam ne a bakin kowa. Sai ya tarar da uban yana shirin tafiya Gumel ya kai ƙarar kansa. Ina madafa ina jin su.

"Baba, wa ya ce ka yi kuskure? Ba wanda ya ce! An karɓi aiki, an yaba. Yanzu ka je da bakinka ka gaya wa En'e ka gina abin da bai yi ba? Makarantar fa?"

"Ka shiga ka ga idon yarinyar?"

Ɗana ya kau da kai, don shi ma 'yar fari ce a wurinsa, ba ya iya maganarta a gaban ubansa. Can ya ce, "Ƙaddara ce, Baba."

Malam ya ce, "Ƙyanda ƙaddara ce. Dakali ni na gina."

Sati guda ba su ci a akushi ɗaya ba. Amma ranar tafiya, da na fito, na ga ɗan nawa ya ɗaure wa jaki akumari, ya rungumi faifai, fuska a murtuke. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru a Gumel.

Malamin ayyuka ya saurara, ya ce, "Baba, na ji. Amma takarda ta riga ta tafi. Ginin hukuma ne yanzu, ba a tashi haka kawai a fasa bangon hukuma. Abin da ke wuyanka yoyo ne da tsaga. Yana yoyo?"

"Ba ya yi."

"Ya tsage?"

"Bai tsage ba. Ɗauko takardar ka karanta mini ƙarshenta."

Ya ɗauko ya karanta: wurin da jama'ar gari za su zo su sha magani.

Malam ya ce, "Tsaya nan. Mata jama'a ne, ko ba jama'a ba ne?"

"Jama'a ne mana."

"To rabin jama'a ba sa iya shiga. Da na gina maka rumbu mai kyau na manta bakinsa, za ka karɓa don ba ya yoyo? Kai ka ce mini wannan karon babu mai zane. Da akwai shi, da na ce ku je ku same shi. Daga kaina abin ya fito. Ban zo roƙon siminti ba, izini na zo nema."

Aka kai maganar gaban Bature. Ya sake durƙusawa, ya sake rufe ido ɗaya, ya leƙa sabuwar 'yar ƙofar. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: tunda gabas za a fasa, in ruwa ya shiga, Malam zai tsaya wa ginin wata daminar kuma. Malam ya miƙa yatsa aka shafa masa tawada karo na biyu. Makarantar Sule Tankarkar kuwa wani aka ba, tunda shi hannunsa a ɗaure yake. Ɗana ya daɗe bai huce ba.

A tsakiyar damina ya fasa bangon da ya fi kowane bango alfahari da shi. Na ga lokacin da ya ɗaga diga, ya tsaya, ya yi bismilla, sannan ya sara. Ya kewaye sabuwar ƙofar da katanga mai lanƙwasa, yadda ruwa in ya bugo daga gabas sai ya daki bayanta, ido ma in ya leƙo ba ya ganin komai sai bango. Ya shafe ta da laso, wannan yaɓen da ruwa ba ya ci. Ciki ya yi ɗan rufi, da gindin randa, da wurin sauke goyo. Daga hanyar rijiya, in ba ka sani ba, sai ka ce lungu ne kawai. Tubalin da jakunan duk namu ne. Madafata ta ƙara shekara da tsagarta.

Ranar da aka gama, shi ya share wurin da kansa. Bayan la'asar ya miƙe a masallaci ya roƙi jama'a: daga fitowar rana zuwa azahar, kada namiji ya bi hanyar rijiya, a zagaya ta yamma, kuma shi ne na farko. Liman ya goyi bayansa. Ba a rasa masu tsiya ba. Tsohon dillalin shanu ya ce, "To, maginin mata, an gama?" Malam ya ce, "An gama. In mahaifiyar yaranka ta tashi shan magani, ce mata ta zo, akwai inuwa, kuma ba za ta gan ka ba." Aka yi ta dariya har da dillalin.

Kashegari tun da sassafe ya saɓi fartanya ya tafi gona, shi da ba ya zuwa sai rana ta ɗaga. Na san dalili. Na ce wa surukata, "Yau ƙafata na ciwo." Ta dube ni, ta fahimta. Ta goya 'yarta, ta ɗora tulu a ka, ta fita. Da ta dawo, tulun cike yake da ruwa, idon yarinya yana ƙyalli da magani.

Tun daga rannan har ya koma ga Allah, Malam bai taɓa ganin ƙofar nan ana shiga ba. Yaɓenta na shekara-shekara ran Juma'a da yamma yake yi, lokacin da asibiti ke rufe. Sai dai ya tambaye ni. Duk bayan ruwan sama, ko in ya ga na dawo daga wajen, zai ce, "Ana shiga?" In ce, "Ana shiga." Ya ce, "Ruwa fa?" In ce, "Bai shiga ba." Sai ya gyara hula. Wannan tambayar ta fi dubu.

Jikar tawa yanzu shekararta takwas. A idonta na hagu akwai farin ɗigo kamar ƙwayar gero, ba ta gani sosai da shi. Na dama kuwa ita ke zura mini zare a allura. Na lura, shekara shida, Malam bai taɓa tunkararta ta hagu ba. Ko daga ina ya fito sai ya zagayo ta damanta, don kada ya firgita ta. Uwarta ba ta taɓa ce masa uffan kan maganar ba, kunya ba ta bari. Amma duk kaka, furar farko ta sabon gero a sabuwar ƙwarya take dama ta, ta ba ni in kai masa. Ya sha, ya ce, "A ce wa mai furar nan Allah ya yi albarka."

Da asuba Malam ya cika, bayan ya yi salla a zaune. Aka yi masa wanka, aka sallace shi da hantsi. Ni ina ɗaki, ƙanin mijina ne ya gaya mini sauran. Maƙabartarmu a gabas take, kuma gajeriyar hanyarta ita ce hanyar rijiya. Da aka ɗauki makara, jama'a suka miƙe ta nan, kamar yadda ake yi da kowace gawa. Ɗana yana riƙe da gaba. Da suka kai mararraba sai ya ja ya tsaya.

Ya ce, "Ba ta nan ba. Asibiti a buɗe yake."

Wani ya ce, "Haba, yau ai daban ce. Ga rana, ga nisa."

Ya ce, "Bai taɓa bi ta nan da safe ba. Ba ni zan bi da shi ba."

Suka juya. Suka zagaya da shi ta yamma, ta dandali, ta gaban dakalin, duk tsawon garin, tsofaffi suna haki a cikin rana.

Shekaranjiya wata mata ta zo mini gaisuwa daga wani ƙauye, ban san ta ba. Ta ce a ranar, a daidai lokacin, ta kawo ɗanta da zazzaɓi. Ta shiga ta ƙofar gabas, aka ba shi magani, ta fito ta ɗebi ruwa ta koma gida, ba ta haɗu da ko namiji ɗaya ba. Ba ta ma san an yi rasuwa ba sai daga baya.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa in an duba aikinsa a can kada a ce masa a sake. Ya sada mu da alheri in tawa ta zo.

Jiya an yi ruwa mai ƙarfi, daga gabas. Ba ni da ikon fita, sai na aiki surukata. Malam, ana shiga. Ruwa bai shiga ba.